Dogarin da ke cikin hanta da gyadar Damagaram

Duk ranar 28 ga Yuli, da an yi ta shelar ranar yaƙi da ciwon hanta a rediyo, sai tsohuwar gardama ta taso a majalisun Zango da Birni na Damagaram. Me ke kumbura cikin magidanci ɗan shekara arba'in, idonsa ya yi rawaya, wata uku a kai shi makwanci? Wasu su ce jifa ne. Ma'aikatan likita su ce ƙwayar cutar hanta nau'in B ce. Ni ina da na uku, kuma zan kare shi.

Ciwon ya daɗe. Sunansa ma, daji, ya nuna inda kakanninmu suka ɗauka ya fito, kuma tun zamanin Sarki Tanimun sakiya da tsagar wanzami da rubutun sha ake kai masa. Gyada kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. Faransawa suka matsa a noma ta don biyan haraji, har Magarya da Matamai suka zama ƙasar gyada, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta.

Shekara biyu kafin nan, a 1960, talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar da aka kawo daga Brazil. Da aka bincika, sai aka samu gubar wata hunhuna da ke kama gyada da masara idan sun sha laima. Aka sa mata suna aflatoksin. An san tana sa wa dabbobi dajin hanta, amma ta wace ƙofa take shiga jikin mutum, nan aka tsaya shekara talatin.

Amsar ta bi ta hannun Arnold Levine, ɗan Brooklyn, haifaffen 1939, wanda ko gyada bai nufa ba. A 1979, a jami'ar Princeton, shi da ɗalibinsa Daniel Linzer suna nazarin wata ƙwayar cutar birai, sai suka ga wani furotin manne da furotin ɗin ƙwayar. David Lane ya ga irinsa a Landan a shekarar. Aka kira shi p53. Da yake ana samunsa da yawa a cikin ƙari, kusan shekara goma masana suna ɗaukarsa mai hura wutar daji. Abin da ya ɗaure su, lalataccensa suke ta gwadawa ba su sani ba. Sai a 1989 ɗakin binciken Levine da na Bert Vogelstein suka nuna cewa lafiyayyen p53 dogari ne. Idan saƙo ya iso masa cewa rubutun gado na ƙwayar halitta ya samu tabo, sai ya hana ta rabuwa har a gyara. In gyara ya faskara, ya umarce ta ta mutu. Ina girmama Levine a kan wannan fiye da gano furotin ɗin, domin da hannunsa ya rushe abin da ya yi shekaru yana ginawa. Yau an san kusan rabin dajin ɗan Adam da lalataccen p53 a ciki.

A 1991 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta duba marasa lafiyar Qidong a Sin, ɗaya na kudancin Afirka, suka samu tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, gurbi na 249 na p53. Wurin da aflatoksin ke sara ke nan. Daga baya aka same shi a jinin marasa lafiya a Gambiya. Gubar tana kashe dogarin, ƙofa ta zauna a buɗe.

Masu cewa ƙwayar B ce ba su yi ƙarya ba. Binciken Palmer Beasley a Taiwan a 1981 ya tabbatar da laifinta, kuma allurar da Nijar ke yi wa jarirai tun 2008 alheri ce babba. Amma a Shanghai an bi maza sama da 18,000, aka ga wanda ya haɗa ƙwayar da gubar haɗarinsa ya kai kusan ninki 60, nesa da na mai ɗaya kaɗai. Allura ba za ta cire ƙwayar daga jikin magidancin da ya riga ya ɗauka ba, shi kuwa kullum yana cin ƙuliƙuli. Kuma mun san gyadar da ake warewa mai kyau ita ke tafiya kasuwar Dole, ƙwarƙwasasshiya mai ɗaci ita ke saura a gida, yara su ci.

Na'urar gashin daji sai a 2021 ta fara aiki a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan, kuma mai dajin hanta yakan isa a makare. Rigakafi kuwa yana hannun manomi: a Kindiya ta ƙasar Gine, binciken da aka buga a 2005 ya sa manoma tsince ruɓaɓɓiyar gyada, shanya a kan tabarma har ta bushe ƙayau, zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Bayan wata biyar, alamar gubar a jininsu ba ta kai rabin ta ƙauyukan da ba a yi haka ba.