Wane ne Sufeto Goole? Zare kan ɗan sandan da ba a san daga inda ya fito ba

1/ Yau zan ba ku labarin wani sufeton 'yan sanda da aka shafe shekaru kusan 80 ana gardamar ko wane ne shi. Sunansa Goole, yana cikin wasan kwaikwayon An Inspector Calls na J.B. Priestley, marubuci ɗan Ingila. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ An tsara labarin a wani dare na watan Afrilun 1912, a garin Brumley, garin masana'antu da marubucin ya ƙirƙira. Attajiri Arthur Birling mai masana'anta yana liyafar baikon 'yarsa Sheila da Gerald Croft, ɗan wani attajirin. Ana ci ana sha, sai aka ce ga sufeto a bakin ƙofa.

3/ Sufeton ya ce wata yarinya, Eva Smith, ta sha guba ta mutu a asibiti. Mutanen gidan suka ce to ina ruwanmu? Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya dinga binsu ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya faɗi abin da ya yi mata da bakinsa.

4/ Birling ne ya fara korarta daga aiki a 1910, don tana cikin jagororin yajin aiki. Me suke nema? A ƙara musu albashin mako daga sule 22 da sisi zuwa sule 25. Eh, sule da sisin nan da kakanninmu suka kashe a zamanin Turawa. A kan sule biyu da sisi aka raba ta da abincinta.

5/ Ta samu aiki a shagon tufafi, Sheila ta sa aka kore ta saboda kishi da jin haushi. Gerald ya ajiye ta a matsayin daduro, da ya gaji ya sallame ta. Eric, ɗan gidan, ya yi mata ciki, ya saci kuɗin ubansa ya ba ta. Da ta gane na sata ne, ta ƙi ƙara karɓa.

6/ Ƙarshe ta je neman taimako wurin ƙungiyar agajin mata ta garin. Wa ke da faɗa a ji a can? Uwargida Sybil Birling. Ita ta sa aka hana yarinyar ko kwabo, ta kuma ɗora laifin duka a kan wanda ya yi cikin, ba ta san ɗanta take tsine wa ba.

7/ To ga inda abin ya rikice. Bayan sufeto ya tafi, Gerald ya dawo da labarin cewa babu wani Goole a 'yan sandan garin. Birling ya buga wa shugaban 'yan sanda waya, aka tabbatar. Aka kira asibiti, suka ce ba a kawo musu wata da ta kashe kanta ba.

8/ Kuma suka tuna hoton yarinyar ɗaiɗai ya dinga nuna musu, bai taɓa bari mutum biyu su kalla tare ba. Wa ya sani ko 'yan mata daban-daban ne? Iyayen suka saki jiki, har da dariya. Can sai waya ta yi ƙara: wata yarinya ta mutu yanzu, sufeto na kan hanya. Labule ya sauka.

9/ Wane ne shi ke nan? Wasu sun ce fatalwa ce, don in ka furta Goole da Turanci yana kama da kalmar da suka aro daga "ghul" ta Larabci, wato dodon nan na cikin tatsuniyoyin Larabawa. Wasu sun ce zuciyar mutanen gidan ce ke tuhumarsu. Wasu sun ce Priestley ne kansa ya sa rigar ɗan sanda.

10/ Ni ma na daɗe ina wannan gardama da wani abokina. Abin da ya warware min ita, shekaru biyu ne na ajiye gefe da gefe: 1912 da labarin ya faru, da 1945 da aka fara nuna wasan.

11/ A 1912 Birling yana cika baki a teburi cewa ba za a yi yaƙi ba, kuma jirgin ruwan Titanic ba zai taɓa nutsewa ba. Titanic ya nutse ranar 15 ga Afrilun 1912, mutum kusan 1,500 suka halaka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. 'Yan kallon 1945 duk sun san wannan.

12/ Ingilar 1912 kuwa tafasa take yi. A farkon shekarar masu haƙar kwal kusan miliyan ɗaya suka shiga yajin aiki, har sai da majalisa ta yi musu dokar mafi ƙarancin albashi. Mace irin Eva ko ƙuri'ar zaɓen majalisa ba ta da ita, sai 1918 aka fara bai wa wasu mata, 1928 aka daidaita su da maza.

13/ Shi kansa Priestley, haifaffen Bradford a 1894, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ji rauni a Faransa. A 1940 yana da wani ɗan shiri a rediyon BBC ranar Lahadi da dare, miliyoyi na saurare, yana cewa bayan yaƙi kada a koma gidan jiya. 'Yan mazan jiya ba su ji daɗinsa ba.

14/ Abin mamaki, a Tarayyar Sobiyet aka fara nuna wasan a 1945, sai 1946 ya iso Landan. A Yulin 1945, Ingila ta kayar da Churchill a zaɓe ta ɗora Clement Attlee na jam'iyyar Leba. A 1948 aka buɗe tsarin kula da lafiya kyauta ga kowa.

15/ Kun ga ke nan, Goole yana magana kamar wanda ya riga ya ga yaƙe-yaƙen biyu. Kafin ya fita ya gargaɗe su cewa in mutane suka ƙi koyon kula da juna, bala'i zai koya musu. Ga mutanen gidan gargaɗi ne. Ga 'yan kallon da suka binne 'ya'yansu, abu ne da ya riga ya auku.

16/ Shi ya sa nake ganin da gangan Priestley ya ƙi bayyana shi. Da sufeton gaske ne, da tambayar ta zama wa za a kama. Yawancin abin da suka yi wa Eva kuwa babu dokar da ta hana. Korar ma'aikaciya halas ce a dokar lokacin, hana taimako ma haka.

17/ Da aka ce sufeton bogi ne, sai aka ga zuciyar kowa. Iyayen abin da ya dame su kada jarida ta ji, kada lambar girman da Birling ke hange ta kuɓuce. Sheila da Eric kuwa suka tsaya a kan cewa ko shi wane ne, abin da muka yi dai mun yi shi.

18/ Wallahi wannan wurin ne ya fi taɓa ni. Na tambayi kaina, sau nawa na ji sanyi a raina don asirina bai tonu ba, alhali wanda na ɓata wa yana nan da ciwonsa? 'Yar aikin gida, yaron shago, wanda muka taru muka yi wa ca a nan dandalin. Kowa ɗan kaɗan ya yi, amma a kan mutum ɗaya ya taru.

19/ In kun samu dama ku nemi littafin, gajere ne, zama ɗaya ake gama shi. Akwai fim ɗin 1954, amma a can sun canja sunan zuwa Poole. Wanda ya karanta ya zo mu yi gardama: ku a ganinku, sufeto na biyun da ke kan hanya, shi ne dai Goole ɗin zai dawo? Sai da safe.