Sunayen Tsibiran Tafkin Chadi da Shari'ar Darak

Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, amma masunta Hausawa sun raɗa wa tsibirai da dama suna a Tafkin Chadi. Wannan maƙala za ta duba waɗansu daga cikin sunayen nan, da irin shaidar da suke bayarwa a tarihi.

Yadda Tsibiran Suka Samu

A shekarar 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ja da baya ƙwarai, tuddai suka ɓullo. Tun asali Buduma, masu kiran kansu Yedina, su ne mazauna tsibiran tafkin. Janyewar ruwa kuwa ta jawo Barebari da Hausawa da Shuwa, suka kafa sansanonin su da noma a sabuwar ƙasar, suna bin ruwa duk inda ya nufa, ba tare da kula da kan iyaka ba.

Sigar Sunayen

Ana iya kasa sunayen Hausa na yankin Darak gida uku. Na farko, masu nuna matsayi ko sana'ar wani mutum, alal misali Doron Liman da Doron Malam da Garin Wanzam.  Na biyu, masu siffanta wurin, kamar Ramin Dorina. Na uku, masu tuna gida, watau irin su Fagge, mai sunan unguwar nan ta Kano. Sokotoram kuma auren harsuna biyu ne: sunan Sakkwato da ɗafin Barbarci "-ram".

Suna a Gaban Shari'a

A 1994 Kamaru ta kai Nijeriya ƙara Kotun Duniya. Nijeriya ta lissafa ƙauyuka 33, ta kafa hujja da cewa mutanenta ne suka zauna a cikinsu, ita ce kuma take mulkinsu. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta fifita takardun Ingila da Faransa, wato sanarwar Milner-Simon ta 1919 da musayar wasiƙun Henderson-Fleuriau ta 1931. Darak ta koma hannun Kamaru, Nijeriya ta janye a Disamba 2003.

Kammalawa

Ke nan suna yana shaidar wanda ya sauka a wuri, amma a gaban kotu takardar iyaka ce ta yi rinjaye. Wajibi ne manazarta su tattara sunayen nan daga bakin dattawan da suka ga raɗinsu, domin in ruwa ya dawo, tudun da sunansa tare suke nutsewa.