Cizon kare da yaron Pasteur

’Yan uwa ɗalibai, musamman mu na Damare masu dawowa daga karatun dare karnuka na yi mana haushi. Ranar 6 ga Yulin 1885 aka kai wa Louis Pasteur a Paris wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya ciza. Allura 13 aka yi masa, ya rayu. Abin da ya fi burge ni, bayan cizon aka yi ta, domin ƙwayar cutar a hankali take bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. In ta isa, kusan ba mai tashi. To in kare ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ka wuce asibiti a ranar, kar ka tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.