Daga Tiya Zuwa Sikeli

A kasuwanninmu na Bichi da Ɗambatta, kakanninmu cika suke aunawa. Tiya da mudu ne ma'auni, gardamar duk a kan tozon hatsi take. Sikeli ya bazu ne da cinikin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka ce sai an auna buhu kafin su biya.

Kakana ya fi yarda da sikeli mai dutsen awo, gyaɗa gefe guda, ƙarfe gefe guda. Ni ma ina bayansa. Wannan sikelin yawan kayan yake gwadawa. Ko duniyar wata aka kai shi, gyaɗa da ƙarfe tare za su rage nauyi, awo bai canja ba. Na ratayawa mai allura, irin na mahauta, jan da ƙasa ke yi wa kaya yake karantawa. A wata, buhu mai kilo 60 allura za ta tsaya wajen 10, alhali ko ƙwaya ba ta zube ba. Ko daga Kano zuwa Ingila, buhun nan zai ƙara kusan giram 200 a irin wannan sikelin, domin jan ƙasa ya ɗan fi ƙarfi can.