Wutar da Ba Ta da Sarki: Yadda Tukunyar Gas Ta Shigo Wuraren Sana'armu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda suka ce data ba ta barinsu su saurara har ƙarshe.

Yau tarihin tukunyar gas zan ba ku. Na san wani zai yi dariya ya ce ita ma har tarihi gare ta? To, ku bi hanyar Zariya zuwa Kano ku tsaya a Tashar Yari, ko ku shiga kasuwar Maƙarfi, ko Ikara, ko Hunƙuyi, ku ƙirga tukwanen da za ku gani. Ga ta mai shayi, ga ta mai walda, ga ta mai suyar awara, ga wata an ɗaure a bayan babur da roba za a kai ta fadama. Kakanninmu da suka yi samartaka a garuruwan nan ba su san wannan kaya ba. Ya zo mana ne da sauri, kuma ya bar ƙa'idojinsa a baya.

A da, in ana maganar wuta a wurin sana'a, maganar maƙera ake yi. Ƙira kuwa gado ce. Yaro zai daɗe yana zuga kafin a yarda ya riƙe awartaki, ya ƙara daɗewa kafin a bar shi da jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Akwai Sarkin Maƙera, akwai manya da ke tsawatarwa. Sannan ita wutar gawayi ba ta da munafunci: kana ganinta, kana jin zafinta, hayaƙinta ma gargaɗi ne. Ku riƙe wannan, domin wutar da ta biyo baya a kulle take cikin ƙarfe, ba ka ganin komai sai fenti.

Labarin ya faro ne daga nesa. A 1892 wani ɗan Kanada mai suna Thomas Willson, yana aiki a Amurka, ya gano hanyar yin kabaid da yawa kuma da araha. Kun san kabaid ai, dutsen nan mai wari da wasu marasa tsoron Allah ke nuna ayaba da mangwaro da shi. In ruwa ya taɓa shi sai ya fitar da iska mai kama wuta, sunanta asitilin. A 1895 Carl von Linde a Jamus ya samo dabarar sanyaya iskar da muke shaƙa har ta zama ruwa, abin da ya buɗe hanyar tace oksijin a ɗura a tukunya. A 1903 wasu Faransawa biyu, Fouché da Picard, suka haɗa iskokin nan biyu a bakin ƙarfe ɗaya, suka sami harshen wuta da zafinsa ya haura digiri 3,000. Waldar gas ke nan da kuke gani ana like salansa da ita.

Sai dai asitilin tana da mugun hali. In aka matse ta ita kaɗai a cikin tukunya, tana iya fashewa ba tare da ko ashana ba. A 1896 aka gano a Faransa cewa in an narkar da ita cikin wani ruwa da ake kira asiton, sai ta kwantar da hankali. Daga baya wani injiniya ɗan Siwidin, Gustaf Dalén, ya inganta wani abu mai kama da soso da ake cika cikin tukunyar da shi don ya riƙe ruwan. Shi wannan mutum, a 1912, yana gwajin yadda tukwanen za su jure wuta, ɗaya ta fashe ta tafi da idanunsa biyu. A shekarar aka ba shi kyautar Nobel, yana makaho. Saboda haka in ka ji an ce kada a kwantar da tukunyar asitilin, ba iyayi ba ne. In ta kwanta ruwan nan yana gangarowa bakinta ya bi tiyo, abin da ya rage a ciki kuma ya koma halinsa na asali.

A 1911 layin dogo ya isa Kano, ya ratsa ta Likoro da Gimi. Injina suka shigo, motoci suka biyo baya, kuma duk inda inji ya je sai mai gyaransa ya bi shi. Haka walda ta sauko daga manyan ma'aikatu zuwa garejin bakin titi. Amma ba ta sauko da cikakkun kayanta ba. Tukunyar asitilin ta kamfani tana da tsada, don haka yawancin masu waldarmu nasu tankin suke ƙerawa, a zuba kabaid, a zuba ruwa, a jona tiyo. Wallahi ina girmama basirar, amma tankin nan ba shi da abin da zai tare wuta in ta juyo baya ta cikin tiyo. Akwai ɗan ƙarfen da ake sakawa don wannan aikin kaɗai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai ka zaga gareji da dama ba ka gan shi ba.

Ita kuwa doguwar tukunyar oksijin da ke tsaye kusa da tankin, mutane sun raina ta don sun ji an ce iskar asibiti ce. Matsin da ke cikinta in tana cike ya ninka na tayar mota kusan sau 70. Na sha zama a wani gareji lokacin ina ɗalibi, ina kallon yara suna mirgina ta da ƙafa daga bakin titi zuwa rumfa, babu hular ƙarfen da ke rufe kanta. In kan nan ya bugi dutse ya karye, tukunyar tashi take kamar harsashi, tana iya huda bangon bulo. Ga kuma maganar mai. Oksijin ba ta ci da kanta, amma in ta haɗu da giris ko baƙin mai a ƙarƙashin matsi, wuta na iya tashi nan take. Yanzu ku tuna hannun makaniki, ku tuna tsumman da yake goge komai da shi. A dokar ma'aikatu ta Amurka, in za a ajiye tukunyar oksijin da ta iska mai kama wuta, sai an raba su da tazarar ƙafa 20, ko a gina katanga a tsakani, kuma a kafe kowace a tsaye yadda ba za ta faɗi ba. A wurinmu rumfa ɗaya suke kwana, wani lokaci har da jarkar fetur da almajirin gareji.

Gas ɗin girki shi ne auta, kuma shi ya fi kowa yaɗuwa. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, amma shekaru da yawa bayan nan gas abin gidajen manyan ma'aikata ne. Talaka yana kan itace da gawayi da risho. Abu biyu suka sauya wannan. A 2007 kamfanin NLNG da ke Bonny ya fara ware gas don kasuwar cikin gida, a 2016 kuma gwamnati ta janye tallafin kananzir. Risho ya zama kayan tarihi, ƙaramar tukunya mai kilo 3 da mai kilo 6 suka shiga ɗakin amarya da teburin mai shayi. Shagunan ɗura gas suka tsiro a cikin unguwa, wani jikin shagon tela, wani jikin mai tuyar kifi.

Bari in ɗan ratse. Warin nan da kuke ji in gas yana yoyo, ba nasa ba ne, zuba masa ake yi. A ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London da ke jihar Texas ta Amurka, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya sani. Da ya tashi, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Bayan nan aka kafa dokar sai an saka wa gas wari. Duk ranar da hancinka ya cece ka, da ran yaran nan aka saya maka.

Abin da ke cikin tukunyar girki ruwa ne, ku girgiza za ku ji. In ya fito ya zama iska yana kumbura kusan sau 250. Kuma ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta a lungu, ya bi kwata, ya shiga shagon maƙwabci ta ƙarƙashin ƙofa. Shi ya sa ba a ajiye shi a ɗaki marar iska ko a rami. Shi ya sa kuma ba a cika tukunya fal, ana barin kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin ruwan yana buƙatar wurin miƙe ƙafa in ya ji zafi. Mai shagon da ya ce ya yi maka gyara ya cika maka har wuya a watan Afrilu, ba alheri ya yi maka ba.

Mu a jihar Kaduna mun ga misali da idonmu. Ranar Asabar 4 ga Janairu 2020, wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha. Cikin waɗanda suka rasu akwai Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. Ba gas ya je saye ba, yana shagon aski ne da ke kusa. Ku dubi abin nan fa: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kula da makamashi mafi haɗari a duniya, tukunyar gas ce ta yi ajalinsa. Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ba da umarnin rufe shagunan gas da ke cikin unguwannin jama'a. An yi ta magana na 'yan makonni. Ku leƙa unguwarku yau ku faɗa mini abin da kuka gani.

Babin da ya fi shafarmu mu mutanen Kudan da Maƙarfi da Ikara ya buɗe ne ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Yankinmu na noman rani ne, tumatir da albasa da attaruhu da rake, kuma duk da injin ban-ruwa suke rayuwa. Manomi ya yi lissafi ya ga fetur zai cinye gonar. Sai makanikai suka fara sauya wa injin kafireta ya koma shan gas. Ban ga laifin kowa ba a nan, dabara ce ta wanda aka matsa wa. Amma a ranar tukunya ta sami sabon wurin aiki, inda babu mai duba ta, babu motar kashe gobara, babu ma wanda ya taɓa koya wa mai ita komai sai wanda ya sayar masa da tiyo.

Na shiga fadama a wajen Hunƙuyi da rani na ga yadda abin yake. In inji ya daɗe yana ja, tukunyar sanyi take yi har ta yi raɓa, ƙarfin gas ya ragu, inji ya fara tari. Sai wani ya kwantar da ita, wani ya matsar da ita kusa da salansa don ta ji ɗumi. Duk biyun wasa da rai ne. In ta kwanta, ruwan gas ne ke bin tiyo maimakon iska. In ta ji zafin salansa, matsin cikinta hauhawa yake, ga tiyon roba kusa da jan ƙarfe. Maganin shi ne babbar tukunya, a tsaye, a inuwa, nesa da inji gwargwadon tsawon tiyo, kuma tiyon ya zama na gas, ba na ruwa ko na fetur ba. In ana zargin yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗa a duba kumfa. Har yanzu akwai masu gwadawa da ashana, Allah Ya kyauta.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta dare. In ka bar tukunya a gona, ɓarawo ya ɗauke. In ka kawo ta gida, ina za ka sa? Da yawa ɗakin kwana suke kai ta, bayan ƙofa, kusa da katifar yara, a rufe taga saboda sanyin hunturu. Wanda na ga ya yi dabara mai kyau, keji ya sa mai walda ya ƙera masa a tsakar gida jikin katanga, iska na ratsawa, ga rufin kwano, ga kwaɗo. Kuɗin kejin bai kai na tukunyar ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: tukunyar ta wace ce, kuma shekarunta nawa? A Indiya ta kamfani ce. Ka kai wadda ta ƙare a ba ka cikakkiya, kamfani ne ke gwada ta, shi ke jefar da wadda ta tsufa. A Najeriya taka ce har abada, kana iya gadonta daga yayanka, ko ka saye ta gwanjo an shafe tsatsar da sabon fenti. Hukumar SON ta ce tukunyar gas ba ta wuce shekara 15 tana aiki, kuma ana buga shekarar da aka ƙera ta a jikin ƙarfen, galibi a mariƙin sama. Ku duba gindinta ma, domin daga nan tsatsa ke fara ci, musamman wadda ke wuni a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama. Wanda ya duba tasa ya ga an haife ta kafin 2010, ya rubuto mana shekarar a ƙasa, da garin da yake.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.