Madaurin da Ke Haɗa Ƙafa da Ƙanƙara

Da zarar masu hasashen yanayi sun ce sanyi zai daskarar da ruwa kwana huɗu ko biyar a jere, sai ƙofar shagonmu ta daina rufuwa. Mutane kan hau ɗakin ajiya na saman gida, su zaro takalman zamiyar ƙanƙara da iyayensu suka bari, su kawo mana a washe su, a sake musu fata. Shagon yana wani ƙaramin gari a Friesland, arewacin Holan, kuma a nan na yi shekaru ina koyon wannan aiki a hannun maigidana, dattijon da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa.

Kalmar takalmi ma ba ta zauna wa abin sosai ba, domin ba a zura ƙafa a cikinsa. Guntun katako ne mai tsawon tafin ƙafa, an tsaga cikinsa ta ƙasa an dasa siririn ƙarfe kamar ruwan wuƙa, sai a ɗaura shi a ƙarƙashin takalmin da mutum ya fito da shi daga gida. Mutanen nan suna ce masa houtjes, wato 'yan katakai. Hannu uku ne ke haɗuwa a kansa: na maƙeri, na masassaƙi, da na baduku. Masu rubuta tarihinsa sukan tsaya a kan ƙarfen, amma mu da muke gyara shi mun san cewa rigimar duka a wajen ɗaurin take.

Kafin ƙarfe, ƙashi aka yi amfani da shi. Fiye da shekaru 3000 da suka wuce mutane na ɗaukar ƙashin ƙafar doki ko na saniya, su goge gefe ɗaya ya yi sumul, su huda shi su zura igiyar fata. An tono irinsu da yawa a Birka ta Suwidin da York ta Ingila. A ƙarni na 12 wani malamin coci, William FitzStephen, ya bayyana yadda samarin Landan ke ɗaura ƙasusuwa a ƙafa suna gudu a kan fadamar da ta daskare a arewacin ganuwar birnin. Ƙashi ba shi da kaifi, ba ya kama ƙanƙara, don haka ba a iya tunkuɗa jiki da ƙafa. Sanda mai bakin ƙarfe ake dogarawa, kamar yadda mai kwalekwale ke tura jirginsa da gora. A irin wannan tafiya ɗaurin ba ya shan wahala, nauyin mutum kawai ya isa ya danne ƙashin.

Wahalar ta zo ne tare da kaifi. A ƙarni na 13 mutanen Holan suka fara dasa ƙarfe a cikin katako, aka jefar da sanda, ƙafa ta koma tura jiki ta gefe. Akwai wani tsohon zane da aka buga a 1498, wanda ke nuna Lidwina ta garin Schiedam, yarinyar da ta faɗi a kan ƙanƙara tana 'yar shekara 15 ta karya haƙarƙari, daga baya coci ta sa ta cikin waliyyanta. A bayanta cikin zanen ana ganin wani mutum yana tahowa ya ɗaga ƙafa ɗaya, irin tafiyar da sai mai kaifi a ƙarƙashinsa ke iya yi. Duk turawa ɗaya, ƙarfen na son ya tsaya inda ya kama, ƙafa kuma na son ta wuce. Abin da ke tsakaninsu shi ne madauri.

Ga yadda ake haɗa na Friesland. Katakon na itacen da suke kira beuk ne, mai tauri, mai laushin tsaki, wanda ba ya saurin tsagewa, kuma sai ya bushe ƙwarai kafin a taɓa shi. Ɗanyen katako yakan murɗe ya ja ƙarfen ya karkace. Tsofaffin maƙera ba sa ɓarnar ƙarfe mai tsada: jikin ruwan na baƙin ƙarfe ne, sai su liƙa siririn ƙarfe mai tauri a bakinsa cikin wuta, wurin da zai taɓa ƙanƙara kaɗai. Bakin nan a shafe ake wasa shi, ba a yi masa kwari, ana kuma ba shi ɗan lanƙwasa kaɗan daga gaba zuwa baya don mutum ya iya juyawa. Bayan washi sai a bi gefe da ƙaramin dutse a cire gashin ƙarfen da ya tashi. Ana huda katakon ta gefe, a zura fata ɗaya da za ta rungumi yatsu, wata kuma ta tare dunduniya, sannan dogon madauri ya bi ta cikinsu ya gicciye a bayan ƙafa. An yi shi gajere, dab da ƙanƙara, domin duk tsayin da aka ƙara, idon sawu ne zai biya.

Na farko-farko ƙarfensu a ƙarƙashin dunduniya yake ƙarewa. A ƙarshen ƙarni na 19 aka tsawaita shi ya kai har bayanta, aka samu wanda ake kira doorloper, ya fi zama daram a doguwar tafiya. A kudancin ƙasar kuwa sun fi son mai dogon baki da ya nannaɗe sama, na yanga da lilo a hankali. Mutanen Friesland sauri suke so.

Kuskuren da na fara yi a shagon a kan fata ne. Na sa wa wani mutum sabuwar fata mai laushi, don na ga za ta yi wa ƙafa daɗi. Bai yi awa biyu ba ya dawo yana ɗingishi: fatar ta sha ruwa ta miƙe, katakon ya zame gefe, ya gurɗe. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake zaɓen fata mai kauri da ta riga ta gama miƙewa, da yadda ake shafa mata kitse. Ya ce in an matse madauri jini ya tsaya yatsu su mutu da sanyi, in an sassauta a faɗi, kuma babu ma'aunin da zai nuna tsakiyar sai hannu. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi tafiyar minti goma ya durƙusa a bakin ruwa yana sake ɗauri da yatsun da suka ƙage.

Wasu ƙasashe sun nemi hanyar fita daga wannan matsala ta ɗauri. A fadamun gabashin Ingila suka sa ƙusa mai murɗi da ke shiga dunduniyar takalmi, da 'yan ƙananan tsinke a gaba. A shekarun 1860, John Forbes na kamfanin Starr a Dartmouth ta Kanada ya fito da samfurin Acme, na ƙarfe zalla, mai maƙalli da ke cafke takalmi ba tare da igiya ba. 'Yan Norwe suka yanke maganar gaba ɗaya a shekarun 1880, suka kafe dogon ƙarfe a jikin takalmin kansa. Ba na musun cewa nasu ya fi gudu. Amma wanda ya sayi irin nasu ya sayi na ƙafar mutum ɗaya ne, mai lamba ɗaya. Houtjes kuwa yaya ya gama ya miƙa wa ƙane, manomi ya rataya su a wuya ya taka zuwa bakin ruwa, ya ɗaura, ya je kasuwar gari na gaba, ya kwance ya shiga da takalminsa. Masana'antar Nooitgedagt da aka kafa a IJlst a 1865 ta cika gidajen talakawa da su.

A kan irinsu aka fara Elfstedentocht a 1909, tseren garuruwa 11 mai nisan kusan kilomita 200, da ke tashi daga Leeuwarden ya dawo can. Sannu a hankali na Norwe suka ture su daga tsere. Tseren kansa sau 15 kawai aka yi shi, na ƙarshe a 4 ga Janairu 1997, domin yana bukatar ƙanƙara mai kaurin santimita 15, hunturun yanzu kuwa ba ya ba da ita. Ana ganin tsofaffin samfura da yawa a gidan tarihin garin Hindeloopen. A Suwidin ne dabarar ke nan da ranta: masu yawo a kan tafkuna suna maƙala ƙarfe mai tsawon kusan rabin mita a takalmin tafiya, su cire in sun iso tudu.

A watan Fabrairun 2021 aka yi mako guda na sanyi na gaske. Wata dattijuwa ta shigo da houtjes 'yan ƙanana guda biyu, katakon ya yi baƙi don tsufa, ta ce a kansu ta koya, yanzu jikarta take so ta hau. Ƙarfen lafiya lau, tsatsa ce kawai. Na yanko sabuwar fata mai kauri, na sa kitse. Da yamma na hango su a kan ruwan bayan shago, yarinyar ta dafa bayan kujerar katako tana turawa, kakar kuma ta tsayar da ita, ta durƙusa ta ƙara jan madaurin ƙafar hagu.