Faifan Sumoga: Yadda Masoya Suka Adana Tarihin Bob Dylan

Akwai wata tambaya da mu marubuta muka saba kauce mata, wato: idan mai fasaha ya yi aiki ya jefa a kwandon shara, wani kuma ya tsince shi ya adana, shin ɓarawo ne ko ma'aji? Tarihin mawaƙin Amurka Bob Dylan da masoyansa ya isa ya sa mu sake nazarin amsar da muke bayarwa cikin gaggawa.

Labarin ya faro ne daga ranar 29 ga Yuli, 1966, lokacin da Dylan ya faɗi da babur a kusa da garin Woodstock na Jihar New York. A sannan sunansa ya riga ya cika duniya, amma bayan haɗarin sai ya janye jiki, ya daina yawon wasa. A shekarar 1967 ya riƙa zama da makaɗansa, waɗanda daga baya aka sani da suna The Band, mafi yawanci a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida da ake kira Big Pink. Kullum sai su taru su yi ta rera tsofaffin waƙoƙin gargajiya da sababbin da Dylan yake tsarawa nan take. Ɗaya daga cikin makaɗan, Garth Hudson, shi ne ke kula da rikoda. Haka suka ɗauki waƙoƙi sama da 100, ba da niyyar kai su kasuwa ba.

To, amma zancen duniya ba ya ɓuya. Kamfanin da ke kula da haƙƙin waƙoƙin Dylan ya zaɓi 14 daga ciki ya rarraba wa wasu mawaƙa domin su rera. Ƙungiyar Manfred Mann ta ɗauki "Mighty Quinn" ta kai ta matsayi na ɗaya a Ingila a 1968. Jama'a suka ji waƙoƙin a bakin wasu, suka shiga tambayar ina na mai su. A watan Yunin shekarar, mujallar Rolling Stone ta buga sharhi tana kira da a fitar da zaren kowa ya ji. Kamfanin Columbia bai motsa ba.

Da kamfani ya ƙi, sai wasu samari biyu a Los Angeles suka yi abin da ba a taɓa yi wa mawaƙin zamani irinsa ba. A watan Yulin 1969 suka buga faifan garmaho guda biyu a cikin farar ambulan, babu hoto, babu sunan mawaƙi. Aka laƙaba masa suna Great White Wonder. A cikinsa akwai wasu daga waƙoƙin Big Pink, da waɗanda aka ɗauka a wani gida a Minneapolis a Disambar 1961, da wadda aka naɗo daga talabijin a shirin Johnny Cash. Sautin bai da kyau ko kaɗan, duk da haka gidajen rediyo suka sa shi, masu kantuna suka sayar da shi a kaikaice. Turawa na kiran irin wannan faifai da kalmar da suke kiran giyar fasa-ƙwauri da ita. Mu a nan za mu ce faifan sumoga. Abin da ya taimaki samarin shi ne, a lokacin dokar tarayyar Amurka tana kare baiti da kari ne kawai, ba ta kare sautin da aka naɗa ba, sai a Fabrairun 1972 gyaran dokar ya fara aiki.

Ya kamata mu bambance abu biyu a nan. Akwai mai kwafe faifan da kamfani ya riga ya fitar ya sayar da shi da araha. Wannan satar fasaha ce tsagwaronta, mun kuma san zafinta a kasuwar littattafanmu. Akwai kuma mai fito da abin da babu shi a kasuwa sam. Shi ma ya taɓa haƙƙin wani, amma wanda ke sayen kayansa galibi ya riga ya mallaki duk abin da mawaƙin ya fitar, ƙari yake nema.

Bayan da kaset ya wadata a shekarun 1970 da 1980, sai harkar ta koma hannun masoya zalla. Wani zai shiga zauren wasa da ƙaramar rikoda a ɓoye cikin riga, ya naɗi wasan daga farko har ƙarshe. Daga nan sai musaya ta gidan waya: ka aiko mini da wasan Faris, in aika maka da na Tokyo. Da yawansu sun ɗauki karɓar kuɗi a matsayin abin kunya. Suka riƙa rubuta kwanan wata, da sunan zaure, da jerin waƙoƙin kowane dare, tamkar malaman tarihi. Suka kafa mujallu nasu, irin su The Telegraph da John Bauldie ya fara a Ingila a 1981.

Wannan ƙwaƙƙwafi nasu ya gyara kurakurai. Alal misali, akwai shahararren zaren wasan 1966, inda wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira Dylan "Judas", wato maci amana, saboda ya ajiye jitar katako ya ɗauki ta lantarki. Shekara da shekaru faifan sumoga na ɗauke da tambarin Royal Albert Hall na Landan. Bin diddigi ya tabbatar da cewa a Free Trade Hall na Manchester aka yi wasan, ranar 17 ga Mayu, 1966. Da kamfani ya fitar da shi a 1998, sai ya bar tsohon sunan a cikin alamar zance, don da shi duniya ta san shi.

Shi Dylan bai ɓoye ɓacin ransa ba, kuma yana da hujja. Abin da mutum ya yi a ɗakinsa yana gwaji bai zama lallai ya so a ji shi ba, balle a ci riba da shi ba tare da ya ga ko sisi ba. Wane ne a cikinmu zai so a buga daftarinsa na farko da sunansa a kai?

Sai dai kuma mai fasaha ba kullum ne ya fi kowa iya tantance aikinsa ba. A 1983, yayin aikin faifan Infidels, Dylan ya ɗauki waƙar "Blind Willie McTell" sannan ya cire ta. Masoya suka same ta ta bayan fage, suka yi ta yaɗa ta, har ta kai yau masu nazari da yawa na lissafa ta cikin mafi ingancin abin da ya tsara.

A ƙarshe kamfani ya bi sahun waɗanda yake farauta. A 1975 ya fitar da The Basement Tapes mai waƙa 24, ko da yake an yi wa wasu kwaskwarima. A 1991 ya buɗe jerin da ya ara wa suna daga 'yan sumogan, The Bootleg Series, da waƙoƙi 58, ciki har da wadda aka cire a 1983. Wa aka ba aikin rubuta bayanin da ya raka faifan? John Bauldie, editan mujallar masoya. A 2014 aka fitar da zaren 1967 kusan kakaf, waƙa 138, bayan shekara 47. Zuwa 2023 jerin ya kai kundi na 17.

A 2016, shekarar da aka ba Dylan kyautar Nobel ta adabi, aka sanar da cewa ya sayar da taskarsa mai abubuwa kimanin 6,000 ga wata gidauniya da Jami'ar Tulsa a Jihar Oklahoma, cikinsu har da littattafan aljihu masu cike da goge-goge da gyare-gyare. A 2022 aka buɗe cibiyar da ke nuna su. Ashe shi ma ma'aji ne, bai dai faɗa ba.

Ba muna kira ne a halatta taɓa haƙƙin kowa ba. Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, abin da aka yar yau yana iya zama abin nema gobe, kuma idan mai abu bai adana ba, wani zai adana masa ba tare da izininsa ba, ko kuma gara ta cinye. Don haka kafin ɗayanmu ya ba mai ƙosai tsohon daftarinsa, ya rubuta kwanan wata a kai, ya nemi akwati ya sa.